Farin da Inna Take Nufi

Sallama gare ku ƴan uwa masu bin wannan shafi. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in na gaji da ba da labari in faɗa mata ta daina leƙowa. Ku yi haƙuri, tafiya na yi, kuma na dawo kaina a ɗaure. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Nazira. Iyayena mutanen Damagaram ne, amma a Diffa na yi wayo, don tun ina ƙarama aka turo Baba nan aikin koyarwa. Akwai wani Maina, Babarbare ɗan Maine-Sorowa, malamin gona ne a wata ƙungiyar agaji. Yana sona, ni ma in na ce ba na sonsa na yi ƙarya.

Bana aka mai da Baba Damagaram, kuma kafin a koma lakwal, wato makaranta, za mu tashi. Gidanmu yanzu duk kwalaye ne, Mama ta cire labulaye, ta ɗaure kwanukan da ba a taɓa ci a ciki ba. Ita Mama tana da nata ɗan takarar, Faysal ɗan yayarta da ke aikin banki a Yamai. Ba ta taɓa ce mini dole ba, Mama ba ta yin dole. Sai dai ta turo miki hotonsa da safe, ta ambaci sunansa wajen tankaɗe, ta sake ambata wajen wanke-wanke, har ki fara jin kamar ke kika kawo zancen. Baba kuwa sau ɗaya ya yi magana. Ya ce Maina yaro ne mai hankali, amma shi ba zai loda kayansa ya bar ƴarsa a gabas ba sai ya ji daga bakin uwar yaron cewa tana so in zauna. Ya ce ba kawu ba, ba wakili ba, uwar da kanta.

Ana haka sai Mairo, ƙanwar Maina kuma ƙawata tun lise, makarantar sakandare, ta gayyace ni hutu gidansu a Maine. Kowa a gidanmu ya san abin da wannan hutun yake nufi, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Shi Maina ma ba zai kasance can ba, aiki ya kai shi wajajen Tumur, inda rezon waya yake zuwa ranar da ya ga dama.

Yanzu zancen zomaye. Sauran ƴan mata samarinsu na kawo musu waya ko turare, ni kuwa ranar da Maina ya fara zuwa zance da kwali mai huji ya zo. A ciki akwai zomaye biyu. Macen fara ce sol mai jan ido, na sa mata Gimbiya saboda ba ta cin ganyen da ya kwana. Namijin baƙi ne mai faɗin rai, Yaya Illiassou, babban wanmu, ya sa masa Kumandan. Tun ranar Mama ba ta ƙaunarsu. Da na ce zan bar mata su na ƴan kwanaki, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ba komai, dama ta jima ba ta ci farfesu ba. Na san Mama, in ta yi wasa irin wannan tukunya na kusa. Shi ya sa ranar Litinin da hantsi, da Yaya Illiassou ya fito da tsohuwar motar Baba, ya same ni a ƙofar gida sanye da doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, da akwati a hannun dama, da keji a hannun hagu.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi a rayuwarsa ya ga an je gidan surukai da goro, ya ga an je da atamfa, bai taɓa ganin an je da ɓeraye masu dogon kunne ba. Na ce masa ni hutu zan je, wa ya yi zancen surukai. Ya ce haka ne, shi ma yawon shan iska zai kai ni.

Kilim ɗin motar, wato na'urar sanyaya iska, ya mutu tun bara. An yi ruwa da asuba, rana kuma ta fito da ƙarfinta, motar ta koma tukunyar dambu. Wanda ya taɓa kiwon zomo ya san sanyi ba ya kashe shi, zafi ke kashe shi. Na zauna a baya, na ɗaura wa kejin bel kamar mutum, na rufe shi da jiƙaƙƙen tawul, na sa musu robobin ruwa da na daskarar a firji. Kumandan ya rungume robarsa ya kwanta abinsa. Gimbiya kuwa tun kafin mu bar gari ta fara haki, hancinta na rawa, kunnuwanta sun yi ja. Duk ramin da muka faɗa sai ta zame ta bugi ƙarfe, ni kuma in ce Yaya a hankali, shi kuma ya ce in ina so ya sauka ya goya ta.

A shingen sojoji na wajen gari aka tsai da mu. Wani soja dogo, da jin Hausarsa ka san ɗan Tawa ne, ya karɓi katin shaidarmu ya duba, sannan ya leƙo baya ya ga tawul yana motsi. Fuskarsa ta canza, ya ja da baya, ya ce, "Mi an nan ciki?" Na ɗaga tawul da sauri. Kumandan ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. Sojan ya kira abokinsa ya zo ya gani, suka tambayi sunayensu. Da Yaya ya ce baƙin Kumandan ne, sai dogon ya ƙame ya sara masa, ya ce mu wuce, ba ya riƙe manya a rana.

Muna wuce Shetimari wayata ta yi ƙara. Saƙon Maina ne da ya rubuta tun asuba, sai yanzu ya iso: "Allah ya kai ku lafiya. Inna ba ta da yawan magana, kar ki tsorata. Ki ci duk abin da ta ba ki." Ban gama karantawa ba na Faysal ya shigo a kai, hoton falo ne mai farin tayil da kujeru ruwan toka, a ƙasa ya rubuta, "Saura mai gida." Na kife wayar a cinya. Na tsoma yatsu a ruwan sanyi ina shafa wa Gimbiya a kunne, ina kallon shanu da ciyawar da ta fara kore a bakin hanya, ina tambayar kaina wai ni ina za ni.

Gidan su Mairo babban gida ne na ƙasa, tsakar gidan shimfiɗe da farin rairayi, ƙamshin turaren wuta tun daga zaure. Mairo ta taro mu da gudu. Inna, mahaifiyarsu, na zaune a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, doguwa ce baƙa, ta naɗa lafaya shuɗiya, haƙoranta ja da fure. Na durƙusa na gaishe ta, na haɗa da ƴar gaisuwar Barbarcin da Mairo ta koya mini. Ta amsa a hankali, ta dube ni tun daga mayafi har takalmi, sannan ta ce, "Kai ne Nazira? Sannu da zuwa. Ka sha rana."

Na waiga in ga ko da Yaya take. Mairo ta danne dariya ta raɗa mini cewa da ni take. Ta ce a Barbarci babu shi babu ita, kalma ɗaya ce ga mace da namiji, shi ya sa in Inna na Hausa kowa "shi" ne, ita Mairo shi ce, saniya shi ce, hatta kakarsu da ta rasu shi ce. A lokacin dariya abin ya ba ni. Da na san abin da wannan "shi" zai yi mini, da ban yi ba.

Sai Yaya ya shigo da keji ya ajiye a gaban Inna. Ta ɗaga tawul, ta sa hannu ta kamo Kumandan, ta jinjina shi, ta latsa cinyarsa, ta yi godiya ta ce an gode da tsaraba, yana da nama. Mairo ta shiga yi mata bayani da Barbarci, na ji sunan Maina, na ji Gimbiya, na ji Kumandan. Inna ta mai da zomon keji a hankali. Ta tambaya da Hausa, wai to in ba a cin su, me suke yi. Na ce kallonsu ake yi. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ban san inda zan ajiye ta ba har yau.

Yaya ya sha ruwa ya juya Diffa, ya bar ni. Zan gaya muku gaskiya tunda don haka na buɗe shafin nan: kwanakin farko ban ji daɗi ba. Ba wanda ya yi mini komai, kowa sai nan-nan yake da ni. Amma burabuskon Inna da miyar busasshen kifi yajinsa ya fi ƙarfina, loma uku nake yi in ce na ƙoshi. Ruwan rijiyarsu da ɗan gishiri-gishiri. Hira duk da Barbarci ake yi, a yi dariya in bi su da murmushi ban san ko da ni ake ba. In rana ta take sai in shige ɗaki in kwanta kusa da kejin, don ni fara ce, rana kaɗan sai fuskata ta yi ja ta fara saɓa. Gimbiya ma ta ƙi cin komai. Na ba ta harawa ta kau da kai, na ba ta dusa ta shinshina ta koma lungu. Mu biyu muka zama baƙin da ba su san me ya kawo su ba, alhali Kumandan har ya fara cin ganye a hannun Inna.

A bayan ɗakin Inna akwai wani wuri da aka kewaye da zana. Nan take renon irin tattasai a ƴan fangaloli, ana jiran ruwan kogin Kumadugu ya iso sosai a kai su gonar bakin kogi a dasa. Mairo ta ce mini tun da tashin hankali ya raba su da gonar na wasu shekaru, Inna ba ta yarda kowa ya riƙe mata iri, ita take adana shi, ita take shukawa, ita take ba shi ruwa safe da yamma da ƴar butarta.

Ranar Laraba da sassafe na ga Gimbiya ta yi laushi sosai, sai na ce bari in fito da ita ta taka rairayi mai sanyi. Na ajiye ta a tsakar gida ina tsaye a kanta. Sai saƙon murya ya shigo daga Faysal. Ku yi mini shaida, ban yi niyyar saurara ba. Amma na zagaya bayan rumbu don kar a ji, na kara a kunne. Yana ba ni labarin wai ya samo mini gurbin karatu a Yamai in ina so, wai ba zai takura mini ba, in yi tunani. Muryarsa a kwance, Hausarsa irin ta gidanmu. Na saurara har ƙarshe, na kuma maimaita. Da na dawo babu Gimbiya.

A cikin zana na same ta. Zomanyar da ta ƙi harawa ta ƙi dusa, ga ta zaune tsakiyar fangali tana tauna kamar an biya ta. Fangali ɗaya ta aske shi tas, na biyu ta tone rabinsa. Ina tsaye riƙe da ita a ƙirji sai ga Inna da butarta. Ta dubi fangalin, ta dube ni, ta dubi Gimbiya. Na fara ba da haƙuri. Ta durƙusa ta ba sauran ruwa, ta tsince ƴan guntayen da aka tumɓuke ta tara a gefe, ta tashi ta wuce. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan azahar ina kwance a ɗaki na ji wayar Inna ta yi ƙara a tsakar gida. Da na ji ta juya harshe zuwa Hausa na san Mama ce ta kira gaisuwa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina. Sai na ji Inna ta ce:

"Farin nan da kuka aiko, Hajiya, ba zai iya zama nan ba. Ba ya cin abincinmu. Ba ya son rana, kullum yana ɗaki. Yau kuma ya lalata mini iri. Ina jin tausayinsa. Ku zo ku ɗauke shi kafin ya lalace."

Da farko har na ɗan ji sanyi, na ce ai da Gimbiya take, kuma tana da gaskiya. Na juya zan gyara kwanciya sai idona ya faɗa kan hannuna. Fari. Na tashi zaune. Wa ba ya cin abincinsu? Wa ke wuni a ɗaki? Wa ya buɗe keji? Na dubi Gimbiya, ita ma ta dube ni da jan idonta, cikinta ƙato da tattasan mutane. Duk abin da Inna ta lissafa babu wanda bai hau kaina daidai ba.

Ko minti biyar ba a yi ba Mama ta kira ni. Muryarta har wani daɗi take yi. Ta ce in haɗa kayana, ta ji komai da kunnenta, matar ta yi mutunci da ta faɗi gaskiya tun da wuri, ta riga ta gaya wa Baba, Illiassou zai zo ranar Juma'a in an gyara taya. Na ce Mama anya ba da zomo take ba? Ta ce in zomo ne me zai sa a kira uwata a ce ana jin tausayinsa. Na ce ai ke kika kira ta. Ta ce in daina yi mata musu a waya.

Na samu Mairo a madafa na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai zomo ne, ko tantama babu. Sai na maimaita mata maganar kalma bayan kalma, dariyar ta fara raguwa. Na ce ta je ta tambayi Inna. Ta tafi, ta jima, ta dawo tana sosa kai. Wai Inna ta ce abin da ta faɗa ta faɗa, kuma mai hankali ya ji. Na ce to da Barbarci da kuka yi magana, mace ta ce ko namiji? Mairo ta ce, "Nazira, na gaya miki mu ba mu da wannan."

Na rubuta wa Maina. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya har la'asar, sannan ya shiga. Ya amso da fuskokin dariya, ya ce in kwantar da hankalina, bari ya kira ta. Na zauna riƙe da waya. Na sake tura masa saƙo, na ga ya buɗe, na ga yana rubutu, rubutun ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru. Ko rezo ne ya ɗauke, ko abin da ya ji ne ya ɗauke masa baki, ban sani ba.

Ga abin da ban gaya wa Mairo ba, ku nake gaya wa. Lokacin da na fahimci wataƙila da ni Inna take, kafin baƙin ciki ya zo, wani abu ya riga shi zuwa. Sauƙi na ji. Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na ce shi ke nan, ba ni na ƙi ba, ƙi na aka yi, zan bi iyayena, zan je inda ake Hausa irin tamu a ci tuwo irin namu. Sai bayan nan na tuna Maina tsaye a ƙofar gidanmu da kwalinsa mai huji yana gumi, kuka ya zo mini. Na kasa gane wanne ne nawa a cikin biyun, sauƙin ko kukan.

Washegari na ga Inna ta ɗauki ƴar fartanya ta shiga zana. Ban san abin da ya tashe ni ba. Ba don in burge ta ba ne, a raina ai an gama da ni. Kawai na ga ɓarna tawa ce. Na ɗaura zanen Mairo, na bar mayafi mai duwatsu a ɗaki, na bi ta. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in koma ba. Ta kwance wani ƙullin tsumma, ragowar irin da ta ɓoye ne, ta zuba mini kaɗan a tafin hannu. Ta nuna mini yadda ake barbaɗawa, na yi, ta girgiza kai ta kama hannuna ta sassauta shi. Muka gyara fangalin, muka rufe da ciyawa, na yi ta jido ruwa daga rijiya har rana ta take. Fuskata ta yi zafi, bayana ya riƙe, kunshin da na yi don zuwa gidan ya cika da laka. Da muka fito ta zubo mini burabusko, yunwa ta sa na cinye tas ina hawaye ina jan hanci. Tana kallona, sai ta turo mini kwanon ruwa da ƙafa.

Juma'a da hantsi Yaya Illiassou ya iso. Bai yi mini tsiya ba ko kaɗan, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa a gida an gama yanke hukunci. Na sa akwati a but ɗin mota, na ɗaura wa keji bel, na rufa tawul. Mairo na ta share ido. Inna ta sa aka loda mana dabino da ƙullin turaren wuta na Mama. Na durƙusa na yi mata sallama, na sake ba ta haƙuri. Tambayar tana bakina, amma wace yarinya ce za ta dubi uwar saurayinta ta ce kina so na ko ba kya so na?

Har na shiga mota sai ga ta ta fito zaure, abin da Mairo ta ce ba ta yi wa kowa. Ta buɗe ƙofar baya, ta ɗaga tawul, ta sa hannu ta ɗauko Gimbiya, ta tallabe ta a lafayarta yadda ta ga ina yi. Sannan ta dube ni ta ce:

"Baƙin ya tafi. Farin ya zauna. Zai saba da rana, zai saba da abinci. Ka gaya wa babanka."

Ta rufe ƙofa ta koma ciki da zomanyata.

Muka kama hanya. Can Yaya ya dube ni ta madubi ya ce wai me matar nan take nufi, ƙwace zomon ta yi a madadin tattasanta ko me. Na ce ban sani ba. Ya ce to wanda aka ce a zo a ɗauka shi aka riƙe, wanda ba a ce komai a kansa ba shi aka kora, shi dai wannan hutun ya fi ƙarfinsa. Kumandan na ta zagaye kejin yana shinshina inda Gimbiya take kwanciya. Na ba shi robar ƙanƙara ya ture. Wayata na cinya, Maina shiru, Faysal ya turo "Na ji kina hanya." A nan na gane wani abu da ya tayar mini da hankali fiye da komai. Baba zai tambaye ni, kuma babu Mairo, babu Maina, babu mai fassara. In na ce zomo ta riƙe, na faɗi gaskiya, sai Damagaram. In na ce ni ta ce in zauna, wataƙila na faɗi gaskiya, wataƙila na yi wa kaina ƙarya a gaban ubana. Duk wanda na zaɓa shi zai zama maganar Inna.

Mun samu Baba a falo tsakanin kwalaye yana ɗaure littattafansa, Mama na gefe tana ninke zannuwa. Na gaishe su. Baba ya cire tabarau ya ce, "Uwar yaron ta ba ki saƙo?"

Na ce, "Ta ce in gaya maka zan saba, Baba. Ta ce in zauna."

Mama ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce ita da kunnenta ta ji an ce a zo a ɗauke ni, yaushe magana ta juya. Yaya ya ce shi dai abin da ya gani zomo aka riƙe. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ba zai ba da ƴa ko ya hana ƴa a kan zancen da ba a san kansa ba. Ya karɓi wayar Mama, ya kira Inna, ya buɗe murya kowa na ji. Ina durƙushe a kan siminti ina sauraro.

Suka gaisa doguwar gaisuwa. Sannan Baba ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, saƙonki ya iso amma ya zo mana da kai biyu. Farin da kika ce ya zauna, zomo ne ko yarinya?"

Sai muryar Inna ta fito a hankali.

"Malam, zomo yana da uban da za a aika wa saƙo? Ƴarka nake nufi. Ita. Ta zauna."

Ita. Tun da na san Inna ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba, kuma ta fito daidai, ba gargada. Baba ya yi godiya, suka yi sallama, ya ajiye waya ya mai da tabarau. Ni kuwa hawaye kawai nake, na farin ciki da na tsoro a haɗe.

Mama ta daɗe tana kallon wayar. Da ta yi magana ba da faɗa ta yi ba, muryarta ƙasa-ƙasa, kuma a nan na ga ba Faysal ne damuwarta ba, barina a baya ne. Ta ce, "Ashe ta iya cewa ita. To ranar Laraba da ta ce in zo in ɗauke shi kafin ya lalace, wa take nufi?"

Na matsa kusa da ita na dafa gwiwarta da hannuna da har yanzu lakar fangali ba ta gama fita daga farcensa ba.

Na ce, "Ni take nufi, Mama. Ranar ma ni ce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma zan zauna."